Na'ura Taka Ce, Manhajar Ciki Fa?

Duk wanda ya san Kafanchan tun kafin wayar hannu ta cika gari, ya san cewa kwamfuta ba ta shigo mana ta hannun manyan kamfanoni masu ofis a Legas ba, galibinta ta hanyar kayan hannu ta zo, wato na'urorin da ofisoshin Turai suka gama mora suka jingine, aka share abin da ke cikinsu, aka gyara su, sa'an nan aka yo jigilarsu zuwa ƙasashen da sabuwa ta fi ƙarfin aljihun talaka. Gidauniyar Fantsuam, wadda aka kafa a 1996 kuma take zaune a unguwar Bayan Loco, tana cikin waɗanda suka fara koya wa mutanen karkarar kudancin Kaduna aiki da kwamfuta, har cibiyar karatunta ta ci lambar yabo ta Hafkin a 2001. Daga bisani kuma ta shimfiɗa ZittNet, hanyar intanet maras waya wadda ta haɗa wurare da dama a garin da kewayensa. Yau kuwa, tsakanin ɗaliban reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan, da na Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, da cibiyoyin jarrabawar JAMB wadda ta koma ta kwamfuta zalla tun 2015, da shagunan buga takardu, cinikin na'ura ya zama sana'a mai cin gashin kanta, yana da dillalansa da masu gyaransa da almajiransu.

To, a cikin kowane ciniki irin wannan akwai mas'ala guda wadda mai saye ba ya tambaya, mai sayarwa kuma ba ya ambata, alhali kuwa ingancin cinikin a kanta ya rataya. Abin da ake miƙa wa mai saye abu biyu ne a haɗe: akwai ƙarfe da gilashi da waya, waɗanda da zarar an biya kuɗi an sallama sun zama halaliyarsa, ya sayar ko ya ba da kyauta ko ya bari gado, akwai kuma babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar, kamar Windows ko Android ko Linux, wadda in babu ita ƙarfen nan ba ya ko iya nuna harafi. Ita wannan ta biyun ba a sayar da ita. Izini ake bayarwa a yi amfani da ita bisa sharuɗɗa, izinin nan shi ne lasisi, kuma izinin amfani daban yake da izinin rarrabawa. Sharhin nan a kan na biyun yake: da wane hakki mutum zai ɗora babbar manhajar da wani ya rubuta a kan na'urar da shi yake sayarwa, ya haɗa su ya karɓi kuɗi?

Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun riga sun share fagen fahimtar wannan tun ƙarnuka kafin a yi mafarkin kwamfuta. Shihabuddin al-Ƙarafi, malamin Masar wanda ya rasu a 1285, ya rarrabe a cikin littafinsa al-Furuƙ tsakanin wanda ya mallaki manfa'ar abu, da wanda aka yi wa izinin intifa'i kawai: na farkon, kamar wanda ya yi hayar gida, yana da ikon ya zauna da kansa ko ya sa wani a madadinsa, amma na biyun, wanda aka ba wa damar ya amfana shi a karan kansa, ba shi da hurumin ya miƙa damar ga wani, balle ya karɓi lada a kanta. Wanda ya riƙe wannan bambanci zai ga cewa mafi yawan lasisin manhajar kamfanoni yana kusa da intifa'i ne, kuma duk rigimar da ke tafe ta taso ne daga mutanen da aka ba izinin amfani, su kuwa suka ɗauka an mallaka musu.

Mu fara da Windows, tun da ita ce kan gaba a shagunanmu. Kamfanin Microsoft yana ba da lasisinta ta hanyoyi dabam-dabam, kuma kuskure ne babba a ɗauka duk ɗaya ne. Akwai wanda ake ba maƙeran na'ura irin su HP da Dell da Lenovo, su ɗora manhajar tun daga masana'anta. Wannan yana da araha a kansu, amma a ɗaure yake da na'urar da aka fara sa shi, yana bin ta duk inda ta tafi, in ta mutu ya mutu da ita, ba a cire shi a kai wata. Akwai wanda mutum ke saye shi kaɗai da tsada, wanda yana iya ɗauke shi daga tsohuwar na'ura ya mai da sabuwa, muddin ya goge ta farkon. Akwai kuma na jimla wanda ake yi wa ma'aikatu da makarantu, wanda a nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe, domin shi ƙari ne a kan lasisin da na'ura ta riga ta zo da shi, ba ya halatta a sayo kwamfuta fanko a cika ta da shi, kuma ba ya fita daga ma'aikatar ya bi na'urar zuwa kasuwa sai bisa ƙa'idoji masu tsauri. Ƙaramin mai haɗa kwamfuta da hannunsa ma an yi masa tanadi: ya sayi lasisin maƙera daga dillalin da aka amince da shi, ya ɗora manhajar kafin ya miƙa na'urar, ya manna shaidar, ya kuma ɗauki nauyin taimakon mai saye in matsala ta taso.

Amma mu a nan, kamar yadda na ce, kayan hannu ne abincinmu, saboda haka hukuncinsu ya fi cancanta a tsaya a kansa. Kwamfutar da ta fito daga wani ofishi a Ingila ko Jamus, galibi ta zo da lasisin maƙera tun asali, kuma lasisin nan yana tare da ita ko da an share rumbun ajiyarta ƙal. A zamanin Windows XP da Windows 7 shaidarsa wata 'yar sitika ce mai walƙiya a ƙarƙashin na'urar, ɗauke da lambar mabuɗi mai haruffa 25. Daga Windows 8, wadda ta fito a 2012, sai aka koma binne mabuɗin a cikin allon na'urar kanta, yadda in an sake ɗora irin manhajar da ta zo da ita, da kanta take gane lasisinta idan ta hau intanet. Ma'anar wannan ita ce, da yawa daga cikin kwamfutocin da ke kan teburan 'yan kasuwarmu suna da halattaccen izini a jikinsu, mai gyara ne bai duba ba, sai ya ɗauko filashinsa mai fasasshiyar manhaja ya danna musu, don ita ya saba da ita, ya mai da halal abin shubuha ba tare da ya ci ribar ko anini ba. Wannan, a ganina, jahilci ne ya fi yawa a cikinsa, ba mugunta ba, kuma maganinsa minti goma ne na koyarwa. Inda na'ura ba ta da shaida kuwa, ko ana son a ɗora mata wani nau'in da ba nata ba, to sai sabon lasisi. Don haka ne ma Microsoft ya yi wa masu sabunta tsofaffin kwamfutoci tsari na musamman, inda suke samun lasisi da rahusa su manna sabuwar shaida.

Kada kuma a ruɗu da lambobin mabuɗi da ake tallarsu a intanet a kan kuɗin da bai kai na katin waya ba. Kasancewar lamba ta buɗe manhaja ba ya nufin mutum ya sami izini, domin sau da yawa lambobin ma'aikatu ne aka yanko ake sayarwa ɗai-ɗai, ranar da aka gane aka toshe su kuwa, mai na'ura ne zai wayi gari da rubutun gargaɗi a kusurwar allonsa. Gaskiya ne cewa babbar kotun Tarayyar Turai, a shari'ar UsedSoft da Oracle a 2012, ta halatta sake sayar da lasisin da aka saya na dindindin, amma da sharaɗin mai sayarwa ya daina amfani da nasa, kuma hukuncin can ya tsaya, bai ƙetaro teku ya zama dokar Nijeriya ba.

Mai karatu zai iya cewa, ina ruwan mai shago a Kafanchan da hakkin attajiran Amurka, waɗanda ba su ma san da zamansa ba? Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, don kuwa kuɗin lasisi sabo fil kan yi kusa da kuɗin ita kanta tsohuwar na'urar, kuma ban taɓa ganin hikimar a ɗora wa ɗalibin Gidan Waya farashin da aka yanka wa ma'aikacin Landan ba. Sai dai wanda ake cuta da farko ba kamfanin ba ne. Wanda ake cuta shi ne malamin makarantar da ya tara albashinsa ya sayi na'ura a kan zaton cikakkiya ce, aka ɓoye masa cewa manhajar ciki fasasshiya ce, wadda mai yiwuwa an cusa mata abin satar bayanai, ko an kashe mata ƙofar karɓar gyara; ɓoye aibin haja kuwa algus ne, kuma ba na jin akwai limami ko fasto a Kafanchan da zai ce masa wani suna dabam.

Dalilin da ya sa kamfanoni ke tsaron wannan ƙofa ta ɗorawa tun daga masana'anta da dukkan ƙarfinsu shi ne, abin da mutum ya tarar a kan na'urarsa ran farko, da shi zai zauna. Da haka Microsoft ya ƙasaita: a 1980 ya ba IBM izinin manhajar DOS ba tare da ya sallama mallakarta ba, ya ci gaba da ba sauran maƙera. A 1994 gwamnatin Amurka ta sa shi ya daina karɓar kuɗi a kan kowace na'urar da maƙeri ya fitar ko da babu manhajarsa a ciki, a 2004 kuma Tarayyar Turai ta ci shi tarar yuro miliyan 497. Apple shi nasa salon dabam ne, ba ya ba kowa izinin ɗora macOS a kan na'urar da ba tasa ba, kamfanin Psystar da ya gwada kuwa kotu ta tsayar da shi a 2009.

Wannan kokawa ta taɓa sauka a ƙasarmu ƙiri-ƙiri. A 2007 aka shirya sayen ƙananan kwamfutocin Classmate na kamfanin Intel guda 17,000 domin 'yan makarantar Nijeriya, ɗauke da Linux na kamfanin Mandriva na Faransa. Ana cikin haka sai labari ya fito cewa za a goge ta a sa Windows, abin da ya sa shugaban Mandriva, François Bancilhon, ya rubuta wa Steve Ballmer na Microsoft buɗaɗɗiyar wasiƙa mai zafi. Daga baya hukumar da ke biyan kuɗin mafi yawan na'urorin ta bayyana cewa Mandriva take so a bari. Abin lura shi ne, duk wannan hayaniya ba a kan ƙarfen aka yi ta ba, an yi ta ne a kan manhajar da yaro zai buɗe ido ya gani.

Wannan ya kawo mu ga Linux, inda kuskuren mutane yake ta ɗaya gefen: wancan an ɗauka an saya an mallaka, wannan kuma an ɗauka tun da kyauta ce babu sharaɗi. Richard Stallman, wanda ya soma aikin GNU a 1983, shi ya tsara lasisin GPL a 1989, kuma Linus Torvalds, wanda ya fitar da Linux a 1991, ya sa ta a ƙarƙashin bugu na biyu na wannan lasisi. Abin da ya fi kama da shi a wurinmu shi ne rijiyar waƙafi: kowa ya ɗiba, mai garuwa ma ya ɗiba ya sayar, amma babu mai ikon ya kewaye ta da katanga ya sa kwaɗo. GPL ta yarda ka kwafa, ka gyara, ka ɗora a kan na'urarka, ka sayar da kuɗi ko nawa ka ga dama. Abin da ta wajabta maka, ranar da ka miƙa wa wani, shi ne ka haɗa masa da takardar lasisin, ka ba shi asalin rubutun manhajar wanda masu ilimin ke iya karantawa su gyara, ko kuwa rubutaccen alkawari na shekara uku cewa za ka ba duk wanda ya nema, kuma gyaran da ka yi a jikinta shi ma ya fita bisa sharaɗin nan. Wanda ya gyara don amfanin kansa a cikin ɗakinsa, babu abin da ya hau kansa. Rarrabawa ce ke tayar da wajibi.

Kuma ba wasa ba ne, an gwada a kotu. A 2004 wata kotu a birnin Munik na Jamus ta hana kamfanin Sitecom rarraba na'urorinsa saboda saɓa wa GPL, bisa ƙarar Harald Welte. A 2008 gidauniyar Stallman ta kai Cisco ƙara a kan kayansa na Linksys, aka sasanta a 2009. Labarin Linksys ɗin ma yana da daɗin ji ga garin da ya san darajar intanet na al'umma: a 2003 aka gano cewa na'urarsa ta raba intanet mai suna WRT54G tana ɗauke da Linux, aka matsa masa ya saki asalin rubutun, daga abin da ya saki kuwa aka gina OpenWrt, wadda masu shimfiɗa intanet a ƙauyukan duniya suka daɗe suna cin moriyarta. Da sharaɗin bai yi aiki ba, da wannan alheri bai fito ba.

Ga mai shagon da ya ɗora nau'o'in Linux irin su Ubuntu ko Linux Mint yadda suke ba tare da ya taɓa komai ba, nauyin mai sauƙi ne ƙwarai. Sai dai a kiyaye abu guda: suna da tambari ba su shiga cikin kyautar ba. Wanda ya sassauya Ubuntu ya yi tasa, yana son ya sayar da ita da sunan Ubuntu, sai ya nemi yardar kamfanin Canonical, ko ya cire sunan ya raɗa mata nasa.

Wayoyin da ke aljihunmu su ne suka haɗa hukuncin biyu a jiki ɗaya. Tecno da Itel da Infinix, waɗanda duk na kamfanin Transsion ne na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, suna tafiya da Android, Android kuwa hawa-hawa ce: can ƙasa akwai Linux da sharaɗinta na GPL, a tsakiya akwai buɗaɗɗen sashe a ƙarƙashin lasisin Apache, wanda ya fi sassauci don ba ya tilasta wa maƙeri ya saki gyaransa, a sama kuma akwai kayan Google na kansa, wato Play Store da Gmail da YouTube da taswira, waɗanda ba kyauta ga kowa ba ne, sai maƙeri ya ƙulla yarjejeniya, wayarsa ta ci jarrabawar dacewa. Darajar wannan hawa na sama ta bayyana a 2019, sa'ad da takunkumin Amurka ya raba sababbin wayoyin Huawei da shi: Android tana hannunsu, amma kasuwarsu a wajen Sin ta faɗi warwas. Ita ma Tarayyar Turai a 2018 ta ci Google tarar yuro biliyan 4.34 saboda sharuɗɗan da yake gindaya wa maƙera. Ɗan kasuwar da ya sayo wayoyi marasa suna, aka cusa musu Play Store ta bayan gida, ya sani cewa abin da yake sayarwa na iya daina aiki a hannun mai saye, kuma shi za a dawo wa.

Dokar ƙasa ba ta yi shiru ba. Dokar Hakkin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023 ta maye gurbin ta 1988, tana lissafa manhajar kwamfuta cikin ayyukan rubutu, ta keɓe wa mai hakki ikon kwafa da rarrabawa, ta kuma haramta fasa makullin da aka sa don tsare aiki. Hukumar Hakkin Mallaka ta Nijeriya ce ke da alhakin zartarwa. Ta fuskar shari'a kuma, Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Kuwait a watan Disamba na 1988, ta zartar cewa hakkin wallafa da na ƙirƙira da sunan kasuwanci hakkoki ne masu ƙima waɗanda bai halatta a ƙetare su ba. Na san akwai malaman da suka saɓa, suna ganin ilimi ba abin killacewa ba ne, kuma hujjarsu ba abar yarwa ba ce. Amma ko a bisa ra'ayinsu, ba na jin za a halatta wa mutum ya karɓi kuɗin asali a kan kwafi ba tare da ya faɗa ba.

Mas'alar ta ƙara zafi daga ran 14 ga Oktoba, 2025, ranar da Microsoft ya rufe gyaran yau da kullum na Windows 10, alhali Windows 11 ba ta karɓar mafi yawan tsofaffin na'urori, saboda tana neman wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0 da kuma ƙwaƙwalwa ta kwanan nan. Kwamfutocin da ofisoshin Turai za su zubar saboda wannan, mun san inda za su nufa. Za su iso da halattaccen lasisi na manhajar da aka daina kula da ita, mai gyara kuma zai tsaya tsakanin ya bar ta haka da hatsarinta, ko ya yi dabara ya tura Windows 11 inda maƙerinta bai amince ba, ko ya ɗora Linux. Ga shagon buga takardu da ɗakin kwamfuta na makaranta, inda aikin bai wuce rubutu da lissafi da shiga intanet ba, ni na ukun nake zaɓa musu, da sanin cewa wasu injinan buga takarda da wasu manhajojin jarrabawa Windows kaɗai suka sani, don haka sai an gwada kafin a yanke. Makarantar da za ta ba da kwangilar kwamfuta talatin kuwa, ta rubuta a cikin takardar kwangilar wace manhaja ce za a kawo, wane nau'in lasisi, da wace shaida, ta kuma sa wanda ya iya ya buɗe kowace na'ura ya duba kafin a sa hannu a biya. Ƙungiyar masu gyara ta gari ma tana iya ɗora wa 'ya'yanta su riƙa rubuta wannan bayani a kan rasit, layi ɗaya a ƙarƙashin lambar na'ura.